Me ya sa fim ɗin Zapruder na kisan Kennedy yake da irin wannan matsayi a tarihi?

An tambaye ni dalilin da ya sa wani ɗan gajeren fim da wani mutum wanda ba ɗan jarida ba ya ɗauka a ranar da aka kashe shugaban Amurka John F. Kennedy ya sami irin wannan daraja, har gwamnati ta biya miliyoyin daloli domin ta mallake shi, kuma mai tambayar ya ƙara da cewa, tun da an ɗauki kisan a hoto, me ya hana fim ɗin ya yanke gardamar da ake yi a kan wanda ya aikata shi. Amsata a taƙaice ita ce, darajar fim ɗin ta fito daga wurare biyu: ya ba masu bincike ma'aunin lokaci wanda babu wata shaida da za ta iya ba su, sannan kuma hana jama'a ganinsa yana motsi har fiye da shekara goma sha ɗaya ya mayar da shi tushen rashin yarda tsakanin Amurkawa da gwamnatinsu. Bai yanke gardama ba saboda abin da ya faru a cikin motar kawai ya nuna, bai nuna inda harsashi ya fito ba.

Mutumin da ya ɗauke shi, Abraham Zapruder, an haife shi a 1905 a garin Kovel, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Rasha, yanzu kuma yake cikin Yukren. Ya yi hijira zuwa Amurka a 1920, kuma a 1963 yana da kamfanin ɗinkin tufafin mata a birnin Dallas na jihar Teksas, a wani bene da ke kallon gidan ajiyar littattafan makaranta inda daga baya aka tsinci bindigar. A safiyar Juma'a 22 ga Nuwamba 1963 bai ma zo ofis da kyamararsa ba, sai da sakatariyarsa ta matsa masa sannan ya koma gida ya ɗauko ta. Kyamarar ƙirar Bell & Howell ce mai amfani da fim mai faɗin milimita 8, irin wadda magidanta masu ɗan hali suke ɗaukar 'ya'yansu da jikokinsu da ita, tana ɗaukar launi amma ba ta ɗaukar sauti. Ya hau wani ɗan dandamalin kankare a filin Dealey, kimanin mita 20 daga tsakiyar titin Elm, wata ma'aikaciyarsa mai suna Marilyn Sitzman ta tsaya a bayansa ta riƙe shi don kada jiri ya kayar da shi. Da ƙarfe 12:30 na rana jerin gwanon motocin shugaban ya shigo titin, shi kuwa ya bi motar da kyamara har ta shige ƙarƙashin gada, bai sauke hannunsa ba ko a lokacin da harsashi ya fasa kan shugaban a gaban idonsa. Abin da ya ɗauka bai wuce daƙiƙa 26.6 ba.

Domin a fahimci abin da zai biyo baya, dole ne a san cewa fim irin na wancan zamani jerin ƙananan hotuna ne a kan zirin roba, ana haska su ɗaya bayan ɗaya da sauri har ido ya ga kamar motsi ne. Na Zapruder hotuna 486 ne, kuma masu bincike sun ba kowane ɗaya lamba, shi ya sa za a ji masana wannan fanni suna cewa hoto na 225 ko hoto na 313 ba tare da wani ƙarin bayani ba. Da hukumar FBI ta gwada kyamarar, sai ta tarar tana ɗaukar hoto 18.3 a kowace daƙiƙa. Wannan adadi shi ne ginshiƙin komai, domin da shi aka mayar da fim ɗin agogo: idan aka san lambar hoton da wani abu ya faru da lambar hoton da wani abin ya biyo, to an san tazarar da ke tsakaninsu har zuwa kashi ɗaya cikin goma sha takwas na daƙiƙa.

Wanda ya taɓa aiki da bayanan shaidun gani da ido ya san muhimmancin wannan. Ɗaruruwan mutane ne a filin a ranar, amma ba su haɗu a kan adadin harbin da suka ji ba, ba su haɗu a kan tazarar da ke tsakanin harbi da harbi ba, ba su kuma haɗu a kan ɓangaren da ƙarar ta fito ba, domin filin kewaye yake da benaye masu mayar da amo. Mafi yawansu sun ce harbi uku suka ji, kuma an tsinci kwanson harsashi uku a hawa na shida na gidan ajiyar littattafan. Ita ma matar shugaban, Jacqueline Kennedy, wadda fim ɗin ya nuna ta tana hawa bayan motar a daidai lokacin da jami'in tsaro Clint Hill yake ƙoƙarin kama motar daga baya, ta shaida wa kwamitin bincike cewa ba ta tuna ta yi haka ba. Tashin hankali yana gurɓata ƙwaƙwalwar mutum mai gaskiya, shi kuwa zirin fim yana nan yadda yake, ana iya komawa gare shi sau dubu a auna.

Wannan agogo ne ya jefa Kwamitin Warren, wanda shugaba Lyndon Johnson ya kafa mako guda bayan kisan domin ya bincike shi, cikin babbar matsala. Gwajin FBI ya nuna cewa bindigar da aka danganta da Lee Harvey Oswald, mutumin da aka kama bisa zargin kisan, tsohuwar ƙirar Italiya mai suna Carcano wadda sai an sake ɗana ta da hannu bayan kowane harbi, tana buƙatar aƙalla daƙiƙa 2.3 tsakanin harbi biyu, wato kimanin hotuna 42 a ma'aunin fim ɗin. A cikin fim ɗin kuwa, motar ta ɓuya a bayan wani allon kan hanya, kuma da Kennedy ya sake bayyana a hoto na 225 hannuwansa sun riga sun fara tashi zuwa wajen maƙogwaronsa. Kwamitin ya yanke cewa an harbe shi tsakanin hoto na 210 da na 225. Gwamnan Teksas John Connally, wanda yake zaune a gabansa, alamun rauninsa sun fito fili kafin hoto na 240. Ko da an ɗauki tazara mafi tsawo, hotuna 30 ke nan, abin da bai kai 42 ba. Saboda haka abu biyu ne kawai zai yiwu: ko dai harsashi ɗaya ne ya ratsa mutanen biyu, ko kuma akwai maharbi na biyu.

Kwamitin ya zaɓi na farko, bisa hujjar da wani matashin lauyansa, Arlen Specter, ya fi kowa tsayawa a kai, cewa harsashi guda ya shiga ta bayan Kennedy ya fita ta maƙogwaronsa, sannan ya shiga bayan Connally ya fita ta ƙirjinsa, ya karya masa wuyan hannun dama, ya tsaya a cinyarsa ta hagu. Connally da kansa har ya mutu bai yarda cewa harsashi ɗaya ne ya same su ba, kuma a cikin 'yan kwamitin ma akwai masu shakka, irin su Sanata Richard Russell. Masu suka sun yi ta cewa sai harsashin ya yi kwana a iska kafin ya yi wannan aiki, amma wannan suka ta ginu ne a kan zaton cewa mutanen biyu suna zaune ɗaya a bayan ɗaya a kan kujeru masu tsawo ɗaya, alhali Connally yana kan ƙaramar kujerar naɗewa ce wadda ta fi ta shugaban ƙasa-ƙasa, ta kuma ɗan matsa zuwa tsakiyar motar, ga shi ya juya jikinsa zuwa dama. Idan aka zaunar da su yadda suke a zahiri, hanyar harsashin tana miƙewa fiye da yadda ake zato. A ganina wannan bayani ya fi kowane bayani da aka kawo dacewa da raunukan da kuma lokacin, ko da yake na fahimci abin da ya sa mutane da yawa suke jin nauyin karɓarsa, musamman idan suka ga hoton harsashin da aka tsinta a asibitin Parkland, wanda bai lalace yadda mai kallo zai yi tsammani ba. Abin lura a nan shi ne, ba don fim ɗin ba, da wannan tambaya ba za ta ma taso ba, da an ce harbi uku, biyu sun sami shugaba, ɗaya ya sami gwamna, a rufe magana, kamar yadda rahoton farko na FBI ya faɗa.

Yanzu sai labarin yadda aka yi da fim ɗin kansa, wanda nake ganin ya kai abin da ke cikinsa muhimmanci. A ranar da abin ya faru aka wanke shi a masana'antar Kodak ta Dallas, aka yi kwafi uku a wani kamfani mai suna Jamieson, Zapruder ya miƙa biyu ga hukumar tsaron shugaban ƙasa. Washegari da safe wakilin mujallar Life, Richard Stolley, ya sayi haƙƙin buga hotunan a kan dala 50,000, bayan kwana biyu kuma mujallar ta saye dukkan haƙƙoƙin a kan jimillar dala 150,000 da za a biya kashi shida. Zapruder ya ba matar J. D. Tippit, ɗan sandan da aka kashe a Dallas a wannan rana, kashin farko na dala 25,000. Mutum ne da abin ya dame shi ƙwarai, har ya fashe da kuka a lokacin da yake ba da shaida a gaban lauyan Kwamitin Warren a 1964, kuma tsoronsa shi ne kada a mayar da mutuwar shugaban abin kallo na kasuwa. Mujallar ta buga kimanin hotuna talatin marasa launi a fitowarta ta 29 ga Nuwamba 1963, ba tare da hoto na 313 ba, wanda shi ne ya nuna fashewar kan, sannan ta kulle fim ɗin, ta hana a haska shi a talabijin ko a sinima.

Ina ganin niyyar ba mummuna ba ce, domin akwai girmama mamaci da tausayin iyalinsa a cikinta, ko da yake akwai lissafin kasuwa ma. Amma sakamakon ya yi muni. Shaida mafi muhimmanci a kan kisan shugaban ƙasa ta zama dukiyar kamfani mai zaman kansa, jama'a kuwa sai abin da aka ga dama aka nuna musu ko aka faɗa musu. Ɗan jaridar CBS Dan Rather, wanda yana cikin 'yan ƙalilan da suka kalle shi a kwanakin farko, ya bayyana wa masu kallo cewa kan shugaban ya yi gaba da ƙarfi, bai ambaci komawarsa baya ba. A kundi na 18 na bayanan Kwamitin Warren, inda aka buga hotuna daga na 171 zuwa na 334, an juya hoto na 314 da na 315, kowanne ya zauna a gurbin ɗan'uwansa, abin da ya sa motsin kan ya zama kamar gaba ya yi, kuma shugaban FBI J. Edgar Hoover ya ce kuskuren ɗab'i ne. Hotuna na 208 zuwa 211 kuma babu su a wannan bugu, domin wani ma'aikacin mujallar ya lalata su a jikin fim na asali, ko da yake suna nan a kwafin da aka yi tun ranar farko. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da bayani mai sauƙi, amma da suka taru a kan abin da aka hana mutane gani, sai zargi ya sami wurin zama. A 1967 da wani malamin jami'a, Josiah Thompson, ya so ya yi amfani da hotunan a littafinsa aka hana shi, sai ya sa aka zana su da gawayi, kamfanin da ya mallaki mujallar Life ya kai ƙara, kotu kuwa a 1968 ta ba marubucin gaskiya bisa hujjar cewa jama'a suna da haƙƙin samun cikakken bayani a kan kisan shugabansu. Wannan hukunci har yau ana karantar da shi a darussan dokar haƙƙin mallaka a Amurka.

An fara haska fim ɗin a bainar jama'a a 1969, a cikin kotu a birnin New Orleans, a shari'ar da mai gabatar da ƙara Jim Garrison ya yi wa ɗan kasuwa Clay Shaw bisa zargin haɗin baki a kisan, wanda masu taimaka wa alƙali suka wanke cikin ƙasa da sa'a guda. Daga nan kwafe-kwafe na bayan fage, masu dishi-dishi, suka riƙa yawo a jami'o'i. Zapruder ya rasu a 1970. Sai ranar 6 ga Maris 1975 aka nuna shi a talabijin ga dukkan ƙasar, a wani shirin dare na tashar ABC da Geraldo Rivera yake gabatarwa, daga kwafin da wani mai gyaran hoto, Robert Groden, ya kawo. Abin da miliyoyin mutane suka gani a daren nan shi ne kan shugaban da kafaɗunsa sun wurga baya zuwa hagu bayan harbin, alhali an shekara goma sha ɗaya ana gaya musu cewa daga baya aka harbe shi. Hausawa suna cewa gani ya kori ji, kuma haka abin ya kasance ga talakan Amurka: abin da idonsa ya gani ya rinjayi rahoto mai shafi 888 da kundin bayanai 26.

To amma a nan ne ya kamata a yi hattara, domin ido yana ganin motsi, ba ya ganin sababinsa. Idan aka tsayar da fim ɗin aka gwada hoto na 312 da na 313, za a ga kan ya fara matsawa gaba da kimanin santimita biyar a daidai lokacin da harsashin ya same shi, sannan komawa bayan ta biyo, kuma feshin jini da ƙashi a hoto na 313 sama da gaba ya nufa. Masanin kimiyyar lissafi da ƙarfin abubuwa Luis Alvarez, wanda ya taɓa cin kyautar Nobel, ya wallafa nazari a 1976 inda ya nuna cewa abin da ya fita ta gaba da ƙarfi yana iya tura kan zuwa baya. Wasu likitoci kuma sun danganta motsin da sanƙarewar tsokoki sakamakon lalacewar ƙwaƙwalwa farat ɗaya. Ana iya jayayya a kan wanne daga cikin bayanan biyu ya fi ƙarfi, amma kwamitin likitocin binciken gawa da Majalisar Wakilai ta tara daga baya, bayan ya duba hotunan gawar da na ƙashi, ya yanke cewa harsasai biyu ne suka sami shugaban, kuma duka daga baya suka fito. Ra'ayina shi ne komawar kan baya ba hujja ce ta harbi daga gaba ba, duk da cewa ita ce abin da ya fi girgiza mai kallo.

Tasirin wannan haskawa a siyasa ba ƙarami ba ne. Ta zo ne bayan badaƙalar Watergate, wadda ta sa shugaba Richard Nixon ya yi murabus, da ƙarairayin yaƙin Biyetnam, a shekarar da Majalisar Dattawa take tono yadda hukumar CIA ta shirya kashe shugabannin wasu ƙasashe, ciki har da Fidel Castro na Kyuba da Patrice Lumumba na Kwango. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ta nuna cewa a 1963 kashi 52 cikin ɗari na Amurkawa ne suke ganin ba mutum ɗaya ya yi kisan ba, a 1976 kuwa adadin ya kai kashi 81. A wannan shekara ta 1976 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti na musamman ya sake binciken, kuma a rahotonsa na 1979 ya amince cewa Oswald ne ya yi harbin da ya kashe shugaban, amma ya ce mai yiwuwa akwai haɗin baki, bisa dogaro da wani sauti da aka ce rediyon babur ɗin ɗan sanda ya ɗauka. A 1982 kwamitin masana na Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ya yi watsi da wannan hujjar sauti, yana mai cewa ƙarar da aka ɗauka harbi ce an naɗe ta ne kimanin minti ɗaya bayan kisan. Da a ce kyamarar Zapruder tana ɗaukar sauti, da wannan doguwar taƙaddama ba ta taso ba.

Iyakar fim ɗin a bayyane take. Zapruder motar yake bi, saboda haka tagar hawa na shida tana wajen hoton, shingen katakon da ke kan ɗan tudun ciyawa, inda masu zargin maharbi na biyu suke nunawa, shi ma yana bayan kafaɗarsa ta dama. Akwai wasu 'yan kallo da suka ɗauki nasu, irin su Orville Nix da Marie Muchmore daga ɗaya gefen titin, da Mary Moorman wadda ta ɗauki hoto guda a kusan daidai lokacin harbin ƙarshe, amma babu ko ɗaya da ya nuna mutum riƙe da bindiga a fili. Kuma ko da ya nuna, ba lalle ne gardama ta ƙare ba. Lokacin da aka kashe firayim ministan Isra'ila Yitzhak Rabin a birnin Tel Aviv ranar 4 ga Nuwamba 1995, wani ɗan kallo ya ɗauki bidiyon da ya nuna maharbin, Yigal Amir, yana matsowa yana harbi, aka kama shi nan take, ya kuma amsa laifinsa, amma duk da haka aka sami masu kafa zargin maƙarƙashiya da bidiyon kansa. Hoto yana iya tabbatar da wanda ya ja kunama, amma tambayar ko wani ne ya aiko shi sai takardu da shaidu da binciken kotu, shi kuwa Oswald bai kai ga kotu ba, domin wani mai gidan rawa, Jack Ruby, ya harbe shi bayan kwana biyu a hannun 'yan sanda, ana nunawa kai tsaye a talabijin.

Akwai kuma masu cewa an yi wa fim ɗin kansa kwaskwarima. Wannan zargi ba ni ganin yana da tushe. An yi kwafi uku a ranar farko kafin wani ya san abin da zai buƙaci ɓoyewa, abin da ke ciki ya dace da na Nix da Muchmore da sauran hotunan da aka ɗauka daga kusurwoyi daban-daban, kuma a 1998 wani ƙwararren injiniyan Kodak, Roland Zavada, ya yi nazarin zirin na asali, har da ɗan hoton da yake malala tsakanin ramukan gefensa, ya tabbatar da cewa shi ne wanda ya fito daga cikin kyamarar.

A watan Afrilun 1975 kamfanin da ya mallaki Life ya mayar wa iyalin Zapruder fim ɗin a kan dala ɗaya, su kuma a 1978 suka ba da shi ajiya a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa. Bayan fim ɗin sinima na Oliver Stone na 1991, wanda ya yi amfani da hotunan Zapruder ya sake tayar da ƙura, majalisa ta kafa doka a 1992 wadda ta wajabta tattara duk takardun da suka shafi kisan da buɗe su ga jama'a, kuma miliyoyin shafukan da aka saki tun daga lokacin a ƙarƙashin wannan doka aka sake su. Hukumar da aka ɗora wa aikin ta yanke a 1997 cewa zirin na asali yana cikin bayanan kisan, gwamnati ta karɓe shi a 1998, sannan kwamitin sasantawa ya yanke a 1999 cewa a biya iyalin dala miliyan 16. Kuɗin na zirin ne kawai, haƙƙin mallakar hotunan kuwa iyalin suka ba da shi kyauta ga gidan tarihin da aka buɗe a hawa na shida na tsohon gidan ajiyar littattafan a Dallas, kuma a wurinsa ake neman izini har yau idan za a yi amfani da su a littafi ko a shirin talabijin.